Shekarar da Aka Yi wa Tantabarun Baba Raga

Na san abin da kuka taso kuna ji a gidan nan. An ce muku uwarku ce ta sa aka yanka tantabarun kakanku a yini ɗaya, aka yi farfesu aka raba wa unguwa, kuma saboda haka ne gwaggonku Hajiya Memuna ta kwashe kayanta ta koma unguwar Madina can gefen gari, ba ta ƙara kwana a gidan da aka haife ta ba. Duk wannan ya faru, ba na musun ko ɗaya. Sai dai masu ba ku labarin daga wuƙa suke farawa, ni kuwa zan fara daga saman gida, inda abin ya samo asali. Kun san ni da dogon bayani, sai ku yi haƙuri.

Lokacin da aka kawo ni Maamobi daga Konni ina amarya, abin da ya fara ba ni mamaki ba teku ba ne, ba kuma yawan motoci ba, saman gidanmu ne. Kakanku Baba Alhaji ya taɓa zuba kankare a kan ɗakuna uku da niyyar ɗora bene, sai niyyar ta tsaya a nan, ƙarafan ginin suka yi ta tsaye suna tsatsa. A wannan fili ya jera akwatunan katako na tantabarunsa. Jajaye ne masu farin wuya, jikokin waɗanda ya sauko da su daga Salaga a cikin kwando tun yana saurayi, kuma duk Maamobi da Nima babu mai irinsu. Ni aka ɗora wa shanya, saboda haka kullum ina sama, kuma ni mutum ce da idan abu ya tsaya mini a rai ba na iya barinsa. Na lura tantabara ƙwai biyu take yi, ta ƙyanƙyashe, kafin 'ya'yan su iya tashi ta sake yin wasu biyun, rani da damina ba hutu. Na yi ta juya abin a kaina ina matse zani. In dai haka ne, ai da tuni sun rufe unguwar, ko rana ba za mu gani ba. Amma shekara ta zagayo, wata ta biyo ta, garken yana nan yadda na tarar da shi, bai ƙaru ba bai ragu ba.

Wata safiya na danne kunyar surukuta na tambaye shi, yana zaune a kan bencinsa yana watsa dawa.

"Baba, ina sauran suke tafiya?"

"Sauran wa, 'yar Konni?"

"'Ya'yan da ake ta ƙyanƙyashewa. Ban ga suna ƙaruwa ba."

Ya dube ni ya yi dariya har da tari. Ya ce shekara da shekaru mutane ke hawowa nan, babu wanda ya taɓa tambayarsa wannan sai baƙuwa mai kwandon wanki.

"Ki zauna ki duba," ya ce. "Ni ma dubawa na yi, ba wanda ya gaya mini."

Na kuwa duba, har shinkafa ta sha ƙonewa a ƙasa ina sama. Abu na farko da na gane shi ne awo. Gwangwani ɗaya Baba yake watsawa da safe, irin wanda ake kira olonka a kasuwa, kuma ko an yi masa kyautar buhu ba ya ƙarawa. Wadda ba ta ƙoshi ba sai ta tashi ta nufi kasuwar Nima, inda masu sauke buhunan masara ke zubar da tsaba, kuma a wannan hanya ba kowace ce ke dawowa ba. Na biyu, akwatuna. Ba ya ƙara ko ɗaya, saboda haka namijin da bai samu ɗaki ba ba shi da iyali, sai dai ya yi ta yawo a kan bango yana kumbura wuya ba mai kula shi. Na uku, hankaka, wanda ke zama a kan sandar lantarki kamar mai jiran motar haya ta trotro, da uwa ta yi sakaci ya ɗauke ƙwai. Sai shirwa. Ita ba kullum take nan ba. Da ruwa ya ɗauke take bayyana, ta yi ta shawagi a kan babbar kwata, da ruwa ya sauko kuma ta ɓace, Baba ya ce arewa take komawa. Na daɗe ina jin haushinta kafin na lura da waɗanda take ɗauka: ɗan da ya yi jinkirin tashi, tsohuwar da fiffikenta ya saki, mai gyangyaɗi da rana tsaka. Kuma ba tantabara kaɗai take ci ba, na sha ganinta ta sauko ta suri ɓera a bakin kwata. Baba ko tsawa ba ya yi mata. In ta ɗauka sai ya ɗaga kai ya ce ta karɓi nata.

Na ƙarshe shi ne Baba da kansa. Duk Juma'a kafin masallaci yakan hau ya laluba akwatuna, ya zaɓi 'yan shila masu ƙiba ya yanka, a yi farfesu mai yaji a aika wa mai jego ko marar lafiya, ko ɗan gida ne ko ɗan haya ko maƙwabci, Musulmi ko wanda ba Musulmi ba. Ni ma na sha nawa lokacin haihuwar babbarku. A lokacin ban haɗa wannan da tambayata ba, na ɗauka sadaka ce kawai irin ta tsofaffi. Sai daga baya na gane shi ma ɗaya ne daga cikin masu ci, yana cikin layi tare da hankaka da shirwa, sai dai shi yana yin bisimilla.

Baba ya rasu a ƙarshen wata damina. Bayan addu'ar arba'in, Hajiya Memuna ta tara mu a tsakar gida. Ita ce babba, ita ta yi jinyarsa, kuma tun da mijinta ya rasu ta dawo gida maganarta ce magana. Mace ce mai kirki da taurin kai daidai wa daida, in tana sonka za ta ciyar da kai har ka nemi hanyar gudu.

"Tantabarun Baba amana ne," ta ce. "Daga yau ba mai sa musu wuƙa. Shirwan nan ma ya ci na ƙarshe. Muna gani yana ɗauka Baba yana shiru, ni ba zan yi shiru ba."

Kowa ya ce haka ne, ni ma na ce haka ne, don a ranar maganar ta yi mini daɗi a kunne. Babanku, da yake a lokacin yana jan trotro zuwa bakin teku, ya samo tsohuwar ragar masunta a wurin wani abokinsa ɗan ƙabilar Ga. Aka ɗaura ta a kan ƙarafan benen da ba a gina ba, ta rufe saman gaba ɗaya. Tun da tantabarun ba su da hanyar fita kiwo, sai aka ninka musu abinci. Mutanen unguwa da suka taɓa shan farfesun Baba suka ji labari, wannan ta kawo dawa a ƙullin zani, wancan ya aiko da masara, kowa na cewa ladan ya kai wa Alhaji. Wa zai ce wa mai sadaka ya mayar da abinsa? Olonka ta zama abin ɗiban ruwa. Hajiya ta sa aka kwaso akwatunan tumatir daga kasuwa aka jera a kan na Baba, har mazan kan bango suka yi aure.

Ba zan ɓoye muku ba, watannin farko na ji daɗi ƙwarai, don ga amsar tambayata tana fitowa a gabana. Ashe da gaske za su iya cika duniya in aka bar su. Kukansu ya kai har masu wucewa a lungu suna ɗaga kai. Shirwa ta dawo da rani ta yi ta zagaye a kan ragar, ta gaji ta koma wajen mahauta. Hankaka ya bar sandar lantarki. Hajiya kullum da hantsi tana sama a kan bencin Baba, fuskarta a sake, tana kiransu da irin kiran da yake yi.

Ɓeraye ne suka fara nuna mana an taɓa wani abu. Tsaba ta yi yawa har tana kwana a ƙasa, kuma ragar da ta hana shirwa ta hana kyanwowin unguwa ma, amma ɓera ko a jikinsa, ta bututun ruwa yake hawowa. Da, ɓera ba ya yarda ya ratsa fili da rana saboda abin da ke sama. Yanzu sai ga su da azahar suna cin dawa kafaɗa da kafaɗa da tantabaru, sun yi ƙiba har suna tafiya kamar masu kuɗi. Da suka yi yawa dawar ba ta ishe su ba, suka koma kan ƙwai, daga nan suka koma kan 'yan shila. Suka kuma sauko ƙasa. Anti Fati, 'yar hayarmu mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a bakin titi, ta fito wata safiya riƙe da buhun shinkafarta da aka huda ta gindi.

"Hajiya, ɓeran gidan nan ya yi yawa paa," ta ce. "Jiya ɗaya ya tsaya yana kallona, ni na kauce masa."

Aka yi dariya, aka sayo tarko, aka ci gaba.

Ni abin da ya fi ɗaure mini kai wani ne daban. Abinci bai yanke ba ko na yini ɗaya, amma sai na ga ƙaruwar ta tsaya. Wuri ne ya ƙare. Maza suna faɗa a bakin akwati har su tattake ƙwai, uwa biyu su haɗu a ɗaki ɗaya kowace ta ƙi kwanciya, ɗan da ya faɗo ƙasa manya su yi ta saransa a ka. Kashinsu ya yi kauri a kan kankare, in an yi yayyafi wari ya hana mu cin abinci a tsakar gida, shanya kuwa na mayar da ita lungu. Na tsaya ina tunani, wato ko babu shirwa, ko babu wuƙa, akwai wani abin da zai ce ya isa. Ban san cewa mai faɗin hakan na gaske yana tafe ba.

Da damina ta kama sai na fara ganin masu gyangyaɗi. Tantabara ta tsaya a gefe ta kumbura gashi, ta sa baki a dawa ta kasa haɗiyewa. Na kama ɗaya na buɗe bakinta, na ga wani abu rawaya-rawaya ya toshe maƙogwaron, kamar cukun wagashi da ya kwana biyu. A zamanin Baba irin wannan ba ta yini biyu a sama, shirwa ko hankaka sun ɗauke ta kafin ta sha ruwa da sauran. Yanzu kuwa tana nan a cikinsu, kasko ɗaya suke sha, kuma uwa da bakinta take ɗura wa 'ya'yanta abinci. Babanku ya sayo maganin kaji aka zuba a ruwa, abin ya lafa, ya sake dawowa da ƙarfi. Kowace safiya sai na sauko da gawa a cikin bokiti. Tsoro ya kama ni sosai, don na ga irin da aka ɗauko tun daga Salaga zai ƙare a hannunmu, mu da muka rantse za mu tsare shi.

Na sami Hajiya a ɗakinta tana jan carbi. Na durƙusa na ce mata a cire ragar, a rage su sosai, a bar kaɗan masu lafiya, a koma awon Baba da Juma'ar Baba.

"Ke kin fi mu son Baba ne?" ta ce.

"A'a, Hajiya. Na dai daɗe ina kallonsu."

"Ciwo daga Allah ne. Wanda kwanansa ya ƙare zai tafi. Amma ni da raina ba za a sa wuƙa a wuyan abin da Baba ya bari ba."

"Baba da kansa yana sawa, Hajiya."

"Shi nasa ne. Ke naki ne?"

Wannan kalma ta yi mini zafi, har yau in na tuna ina jin ta. Shekaruna da yawa a gidan, na haifi 'ya'ya a cikinsa, amma a ranar aka tuna mini daga Konni aka kawo ni. Na tashi na fita.

Ba a daɗe ba 'yarta ta haihu a Madina, Hajiya ta tafi zaman jego. A kwanakin nan mutuwar ta ƙaru har bokiti ɗaya ya daina isa. Na jira babanku ya dawo daga aiki ya ci abinci, na ce ya hau sama ya gani da idonsa, don shi tunda aka ɗaura raga bai ƙara hawa ba. Ya hau, ya sauko yana toshe hanci, ya zauna. Babanku mutum ne mai gudun rigima, ya gwammace ya zagaya ta can unguwar Kotobabi da ya haɗu da wanda suka yi saɓani.

"In Yaya ya dawo me zan ce masa?" ya ce, yana nufin Hajiya, da irin Hausarsu ta nan.

"Ka ce ni ce. Ai ni ce ɗin."

"Ki bari ya dawo mu sake roƙonsa."

"Malam, in muka jira, abin da za ta tarar akwatuna ne."

Ranar Juma'a da sassafe muka hau. Ni na yi zaɓen, don ni na san su. Na buɗe bakin kowace ɗaya na duba. Masu ciwo muka ware, babanku ya yanka su don kada su ci gaba da wahala, aka haƙa rami a bayan gida aka binne. Cikin masu lafiya na tsame jajaye masu farin wuya na asali, daidai yawan akwatunan Baba, na sa su a kwando. Sauran duka aka yanka. Anti Fati ta bar waakyenta ta zo da manyan tukwanenta, muka yi ta figa har yatsuna suka yi tsami, kuma ina figa ina hawaye, ba na jin kunyar faɗa. Kafin a taso daga masallaci babu gidan mai jego ko marar lafiya a lungunmu da kwano bai shiga ba. Muka ƙone akwatunan tumatir, muka kankare kashin, muka wanke kankaren da ruwan zafi, babanku ya yanke ragar ya tura ta ƙasa. Da na buɗe kwandon, tantabarun suka daɗe a tsaye suna kallon sama kafin ɗaya ta yi ƙarfin halin tashi.

Labari ya riga mu isa Madina, kun san Zongo, unguwanninmu na Hausawa, magana ba ta kwana. Hajiya ta dawo washegari. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta hau sama, ta daɗe, ta sauko ta shiga ɗakinta ta fara ɗaure kaya. Babanku ya tsaya a bakin ƙofa yana cewa Yaya ki yi haƙuri, Yaya ki saurara. Ni na durƙusa a tsakar gida. Ta wuce ni da jakarta kamar ta wuce turmi. Aka aika dattawa, aka aika limamin lungu, ta ce ba ta yi fushi da kowa ba, jikarta ce ke bukatarta. Daga ranar ko suna ko biki sai dai ta zo ta zauna a ƙofar gida ta koma kafin magariba, kuma ba ta ƙara cin abin da na dafa ba.

Tantabarun sun rayu. Cikin waɗanda na tsame wasu sun mutu a makonnin farko, sauran suka murmure. Kyanwowi suka koma hawa, ɓerayen suka ragu da kansu tunda babu tsabar da ke kwana, da rani kuma shirwa ta dawo ta ɗauki nata a gabana. Waɗanda kuke gani yau a sama jikokinsu ne, kuma yawansu yana nan kusan yadda na tarar ina amarya. Har yanzu ina mamakin wannan abu, yadda masu ci da waɗanda ake ci suke riƙe da juna ba tare da sun sani ba, kuma ban ce na gama gane shi ba. In aka mayar da ni waccan Juma'ar zan sake yin abin da na yi. Amma kada ku ɗauka kyauta na same shi. Babanku ya rasa zaman yayarsa a gida, ku kun tashi ba ku san hannunta ba, ni kuma na rasa matar da ta yi mini wankan jego lokacin da uwata take nesa.

Shekaru bayan haka, da ciwonta na ƙarshe ya kwantar da ita, na shiga trotro na tafi Madina ni kaɗai, ban gaya wa kowa ba. Na yi zaton za ta juya mini baya. Sai ta nuna mini bakin gado na zauna. Ta rame ƙwarai. Muka gaisa, ta tambayi babanku, ta tambaye ku ɗaya bayan ɗaya da sunayenku. Sai ta lumshe ido har na ɗauka barci ya ɗauke ta.

"Suna nan?" ta ce.

"Suna nan, Hajiya. Lafiyarsu ƙalau."

"Na sani. Ana gaya mini." Ta gyara kanta a kan matashi. "Tun ranar da na hau na gani na san gaskiyarki ne. Ba shi ya kore ni ba."

Na ce to me ya kore ta, don tambayar ta daɗe tana cina.

"Kullum na hau na ga sun ƙaru, sai in ji kamar Baba bai gama tafiya ba. Ranar nan na hau na ga wurin fes, an share, an wanke. A ranar ubana ya mutu mini, Zainabu. Ba zan iya kwana a gidan ba."

Na yi shekaru ina shirya amsoshin da zan ba ta, a kan awo da akwatuna da shirwa, kuma duk suna bakina a lokacin. Babu ɗaya da ya yi amfani. Na kama hannunta na riƙe, ita ma ba ta janye ba, muka zauna a haka har 'yarta ta shigo da ruwan alwala.